Manet Biyu, Yara Goma: Mario a Zaurukan New Bell

Kwanakin baya wani ɗan uwanmu da ke gyaran wayoyi a Akwa ya shigo unguwa da wata 'yar baƙar na'ura da ya tsinta a cikin tarkacen shagonsa, tare da manet biyu da kaset guda mai launin ɗorawa. Bayan isha'i aka jona ta da wani tsohon talabijin, don raha kawai. Kafin hoton ya gama daidaita sautin nan ya fito, sai ga magidanta waɗanda furfura ta fara leƙowa a gemunsu, waɗanda suka yini suna ciniki a Kasuwar Kongo da Nkololun, sun yi tsit kamar an kira sunayensu. Wani ya ce, "Kai, ashe yana nan!" kamar mai jin labarin tsohon maƙwabci da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. 'Ya'yanmu kuwa suka ɗago kai daga wayoyinsu, suka dubi ɗan guntun mutumin nan mai jar hula da gashin baki, suka dube mu, suka koma kan abin da suke yi. Ɗaya daga cikinsu ya yi wata magana da Faransanci wadda ma'anarta ita ce hoton ya yi muni.

Gaskiya ya faɗa, hoton ba shi da kyau in aka auna shi da abin da ke cikin tafin hannunsa. Amma tun daren nan muke juya maganar a tsakaninmu, kuma ga inda muka tsaya: wasan Mario yana cikin wurare na ƙarshe da yaran Hausawan Duwala suka taru a kan abu guda, suka yi musu, suka yi dariya, suka koyar da juna, duk da Hausa. In har da gaske muke yi da kukan da muke yi cewa harshen yana zamewa daga bakin 'ya'yanmu, ya kamata mu koma mu duba yadda wannan ɗan wasa na Japan ya riƙe mu a zaure, tun da wa'azinmu bai riƙe su ba.

Ga wanda bai riski zamanin ba, Super Mario Bros. wasa ne na kamfanin Nintendo, ya fito a Japan a watan Satumba na 1985. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka ne suka tsara shi, Koji Kondo ya yi masa kiɗa. Labarinsa bai fi numfashi ɗaya ba: wani dodo ya sace gimbiya, mai gyaran famfo ya tashi neman ta. Duniya 8 ce, kowace da mataki 4, jimla 32. Ana gudu, ana tsalle, ana taka maƙiyi a ka, ana shiga bututu, ana tara sulalla, kowane 100 su ba ka rai guda. Dukkan wannan, da kiɗansa da launukansa, an cusa shi cikin kilobayit 40, wato bai kai nauyin hoto ɗaya na biki da muke turawa a WhatsApp ba. Ƙarancin wurin ne ya sa masu tsarawa suka yi dabaru irin na matar da za ta ciyar da gida da mudu guda. Gajimaren da ke sama da ɗan kurmin da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Hular Mario ma da gashin bakinsa sun samo asali ne daga wahalar zana gashin kai da baki da 'yan ɗigo kaɗan, tun lokacin da ya fara bayyana a wasan Donkey Kong a 1981. An sayar da fiye da kwafi miliyan 40.

Namu ba ya cikin wannan lissafi. A shekarar da Mario ya fito, a ita ce talabijin ya fara aiki a Kamaru, don haka sai da akwatin ya shiga gidaje tukuna kafin a yi zancen abin da za a jona masa. Sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Wane uba ne a New Bell zai sayi Nintendo na asali a wannan hali? Abin da ya iso mana shi ne kwaikwayonsa, na Taiwan da Sin, wanda 'yan kasuwa ke shigowa da shi a kwali tare da fitilu da rediyo. A jikin kaset ɗin an rubuta cewa akwai wasanni dubbai, wani lokaci har miliyoyi, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sunaye daban: Mario, da na tankokin yaƙi, da Contra, da na harbin agwagi. Lokacin da muke hura iska a cikin kaset don ya kama, yaran Japan sun riga sun koma PlayStation, wadda ta fito a ƙarshen 1994. Mun makara da shekara goma, kuma ba mu sani ba, kuma rashin sanin bai rage mana komai ba. A 2021 an sayar da wani kaset na asali da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala miliyan 2 a Amurka. Muna tausaya wa wannan kaset. Bai taɓa jin ihun yara ba.

Sai a tuna a wace unguwa abin ya sauka. New Bell tun asalinta unguwar waɗanda aka ture ce da waɗanda suka zo daga nesa. Jamusawa ne suka shata ta lokacin da suka ƙudiri aniyar kwashe mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, su bar fili mai faɗin kilomita guda tsakaninsu da Turawa. Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. A zamanin Faransa wurin ya cika da baƙi: Bamileke, Basa, Ewondo, mutanen Najeriya da na sauran ƙasashen yamma, da kakanninmu fatake da mahauta da masu goro. Har yau duk Musulmin da ya sauko daga arewa, ko Bafulatani ne ko Babarbare ko Bakotoko, a bakin mutanen kudu Bahaushe ne. Mun ba garin kalmar soya, wadda kowa ke ci da yamma, amma mu 'yan tsiraru ne a cikinsa. Yaron unguwarmu yana tashi da harsuna huɗu ko biyar a kunnensa: Faransanci a lekol, Fijin a kasuwa, Fulatanci wurin maƙwabta, Larabci a kan allo, Hausa a gida. A irin wannan wuri harshe ba ya rayuwa don an gaje shi kawai. Yana rayuwa ne in yana da aikin yi a wajen da yaro yake so ya kasance.

Zauren Mario ya ba shi wannan aiki. A layinmu gida ɗaya ne ke da na'urar, manet biyu ne, yara kuwa ba su taɓa kasa goma ba. Wasan kansa ya zo da tsarin jira: na biyu, wato Luigi, ba ya motsi sai Mario ya mutu. Muka ɗora namu dokoki a kai. Wanda ya mutu ya miƙa. Babba ba ya ƙwace wa ƙarami sai in ƙaramin ya nemi a tsallake masa rami. Ɗan masu gida yana da zagaye biyu, kuma ba a musu a kan haka, don kowa ya san arzikin wa ake ci. Wanda ya yi zagi ya koma ƙarshen layi. Ba wani babba da ya zauna ya tsara mana wannan. Mu muka yi shari'armu, mu muka yanke hukunci, kuma duk ƙarar da aka shigar da Hausa aka shigar da ita. Mutum ɗaya ke riƙe da manet, amma tara suna wasa da baki: yi tsalle, dakata, kunkuru na zuwa, kar ka taɓa shi, koma ka ɗauki lemar. Yaron Bamileke da ke leƙowa ta taga, in yana son a ba shi zagaye, sai ya koyi cewa "saura ni". Da yawa sun koya.

Ba mu iya Turancin da ke fitowa a allon ba, kuma babu littafin bayani a cikin kwalin, don haka komai mu muka raɗa masa suna. Abin da ke ƙara wa Mario girma ya zama lemar kwaɗi. Masu ƙwarya a baya kunkuru ne, ba gardama. Wanda ke zaune a kan gajimare a duniya ta 4 yana jefo ƙaya ya zama maye. Masu jifa da guduma maƙera ne. Babban na ƙarshe, mai aman wuta a kan gada, Dodo ne, kuma ba a taɓa tunanin wani suna ba. A wani layin sunayen sun ɗan bambanta, har ana gane daga inda yaro ya fito ta yadda yake kiran furen wuta. Masana suna zama a jami'o'in Kano da Zariya da Yamai suna ƙirƙiro kalmomin kimiyya da Hausa, aiki mai kyau, Allah ya saka musu. Mu kuwa muna da shekara tara muna yin irinsa a kan tabarma, ba tare da mun san aiki ne ba, kuma kalmominmu sun kama nan take saboda akwai mai buƙatarsu a daidai lokacin, kafin ya faɗa rami.

Labarin ma bai zo mana a baƙo ba. Dodo ya ɗauke 'yar sarki, talaka ya bi sawu, a kowace fada a ce masa ba nan take ba, ya ƙara gaba: wace kaka ce a cikinmu ba ta da irin wannan a bakinta? Har akwai wani yayanmu mai barkwanci da ya ce ai Mario Bayajida ne, baƙo ne da ya zo garin da ba nasa ba, sana'arsa ta ruwa ce, ya kashe abin da ya addabi mutane, ya samu sarauniya. Muka ce to ina rijiyar Kusugu? Ya nuna bututu. Mun kuma sha yin dariyar cewa mai gyaran famfon da ya fi kowa suna a duniya yana zaune a unguwar da lambatunta ke ambaliya duk watan Agusta, bai taɓa fitowa daga akwati ya duba mana ba. Tsallen kuwa mun riga shi iyawa. Duk wanda ya taɓa zuwa makarantar allo da damina a New Bell, yana taka katako yana auna faɗin kwata da ido, allo a hammata, ya san abin da ake nufi da rami tun kafin ya ga Mario.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda ilimin wasan ke tafiya. Babu intanet, babu inda za a duba. Sirri daga baki yake zuwa kunne, kuma kowane sirri yana da mai shi. Wane ne ya fara gano cewa a mataki na biyu na duniya ta 1, in ka hau saman rufin ka bi ta can, za ka tarar da bututu uku masu kai ka duniya ta 2 ko ta 3 ko ta 4? A layinmu an ce wani yaro ne ya zo da shi daga Ngaundere lokacin hutu, shi kuma ya gani wurin ɗan kawunsa. Haka aka zo da labarin kurangar da ke ɓoye a duniya ta 4 mai kai mutum har ta 8, da dabarar taka kunkuru a kan matakala a duniya ta 3 har rayuka su yi ta ƙaruwa, da cewa in wasa ya ƙare ka danne maɓallin A sannan ka danna na farawa za ka ci gaba daga duniyar da ka mutu. Wanda ya san hanyar fadar ƙarshe, inda kuskuren bututu ɗaya ke mayar da kai baya, ana girmama shi kamar mai haddar izu. Yakan zauna a bayan mai wasa yana faɗa masa a hankali, kuma ba ya karɓar manet sai an roƙe shi. Akwai ƙarya a ciki, ba shakka. An yi shekaru ana neman wata duniya da wani ya rantse ya gani a Yawunde. Amma ko ƙaryar tana da amfaninta, don ta koya mana tambayar da kowane mai hankali ke yi: wa ya faɗa maka, kuma shi ya gani da idonsa?

Wasan kuma ba ya ajiye inda ka tsaya. In aka ɗauke wuta kana duniya ta 7, kuma ana ɗaukewa, to ka koma farko. In aka kira magariba, a kashe. In abin da ke ba na'urar wuta ya yi zafi har ba ya taɓuwa, uwar gida ta ce a cire kafin ya ƙona mata ɗaki. Abin da ya rage kawai shi ne abin da ke cikin kanka da yatsunka, da abin da abokanka suka shaida. Allon ma ba ya komawa hagu: abin da ka wuce ka wuce shi, ko da lemar kwaɗi ce ka bari a baya. Jikokin fatake ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, don haka bari mu faɗi abin da ba mu cika faɗa ba in ana wannan hira. Zauren na maza ne. Ƙannenmu mata suna tsaye a bakin ƙofa da tiren talla a ka, ko suna wanke-wanke a ciki suna jiyo kiɗan, kuma in ɗaya ta samu manet sai an fita an bar ɗakin. Yau in muna cewa "zamaninmu", su ba su da abin tunawa sai ƙofar. Da aka fara buɗe ɗakunan wasa na kuɗi a bakin titi, canjin cefane ya sha ɓata, an sha fashin makarantar allo, an sha bulala, kuma mafi yawan bulalar an cancance ta. Iyayenmu sun yi ta cewa na'urar tana lalata talabijin, tana lalata ido, tana lalata tarbiyya. A kan talabijin sun yi kuskure. A kan sauran, tsoronsu yana da tushe, don sun ga wani abu daga waje ya shigo har tsakar gida ya kama hankalin 'ya'yansu, su kuma ba su san harshensa ba. Abin da ba su lura da shi ba shi ne mun riga mun sa shi ya koyi namu.

Yanzu mu ne iyayen, kuma bakinmu ya koma irin nasu. Muna cewa waya ta ɓata yara. Amma a duba bambancin da kyau. Ɗanmu yana wasan da ya fi Mario kyau nesa ba kusa ba, sai dai shi kaɗai yake yi, da abin ji a kunne, tare da wasu da bai taɓa gani ba, suna magana da Faransanci ko Turanci. In ya maƙale ba ya zuwa wurin yayan layi, bidiyo yake nema, wani baƙo ya nuna masa. Kowane abu a wasan ya zo da sunansa a rubuce, babu gurbin da zai cike da kalmarsa. Ba ya jiran kowa, ba wanda ke jiransa. Ashe talaucinmu ne ya tara mu: na'ura ɗaya ce, dole a zauna tare. Da hali ya ɗan samu, kowa ya sayi allonsa, taron ya watse ba tare da an yi sallama ba. Hausar da ta rage wa yaron ita ce ta aike da ta faɗa da ta gaisuwa, "je ka sayo", "tashi ka yi salla", "gaishe da baffanka". Harshen da ba a dariya da shi, ba a musu da shi, ba a cin nasara da shi, yaro zai riƙe shi ne kamar rigar salla, a sa sau biyu a shekara.

Shi ya sa ba mu tare da masu cewa a ƙwace wayoyin a huta. An gwada wannan a kanmu da bulala bai yi aiki ba, kuma yaron da aka hana a gida zai yi a waje, inda ba mai jin abin da yake ji. Ba mu kuma tare da masu ganin cewa ajin koyar da Hausa na ranar Asabar shi kaɗai zai wadatar, ko da yake muna maraba da shi. Abin da muke gani ya fi sauƙi, ya kuma fi arha. A mayar da wasa fili. Allo ɗaya babba a zaure ko a tsakar gida, manet biyu, ba fiye ba, ko da akwai kuɗin sayen huɗu. Lokaci sananne, tsakanin la'asar da magariba ko daren da babu lekol washegari. Yaran layi su shigo, mata da maza, a wannan karon 'yan matan su zauna a kan tabarma. Babba ɗaya ya kasance a wurin, ba a matsayin ɗan sanda ba, ya shiga layi kamar kowa, ya faɗa rami a yi masa dariya, ya yi ihunsa da Hausa. Ba sai an kafa dokar hana Faransanci ba, doka tana kashe wasa. In wanda ya san inda sirrin yake da Hausa yake faɗa, za a saurare shi da Hausa. Kuma ba lallai Mario ba ne, ƙwallon ƙafa ma ya yi, in dai ana jira ana miƙawa.

Mun gwada a daren da muka ambata, ba da niyya ba. Bayan manya sun yi ta mutuwa a matakin farko, don yatsu sun manta abin da kai ya tuna, wata 'yar shekara takwas ta ajiye wayar uwarta ta matso. Aka ba ta manet. Ta mutu a hannun abokin gaba na farko, kamar yadda kusan kowa ya taɓa yi, don an ajiye shi a nan ne domin ya koya maka tsalle. Ta sake. Da ta kai bututu na huɗu, baffanta ya sunkuyo ya ce, "Uwata, tsaya nan, matsa kaɗan, yi tsalle, akwai rai a ɓoye." Ta yi tsalle a inda ba a ganin komai, tubali ya bayyana, koriyar lema ta fito. Ta juyo ta tambaye shi, da Hausa, wa ya faɗa masa. Ya ce wani yaro ne daga Ngaundere. Kafin a watse yayyenta biyu sun shiga layi, kuma har an fara gardama a kan wanda ya riga wani zuwa. Na'urar tana nan a gidan, an ce ranar Juma'a da yamma za a sake jonawa.